Duhu ko amanar littafi: ina aka dosa da fina-finan Batman da Superman?

Nazifi: Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da aka fitar da fim mai nauyi na jaruman komik, wato littattafan labari masu zane, wanda aka yi shi da duhu da jini da ɓacin rai, sai wasu su taso wai an ci amanar littafi. Ku tuna inda aka fito mana. A 1997 aka saki Batman & Robin, ƙyalƙyali da wasan yara tun daga farko har ƙarshe, ya kashe kasuwar Batman, sai da aka yi shekara 8 ba a sake yin wani ba. Darakta Christopher Nolan ne ya tashe shi a 2005 da Batman Begins. Da ya zo yin The Dark Knight a 2008, titunan Shikago na gaske ya je ya ɗauka, fim ɗin ya kawo sama da dala biliyan 1, Heath Ledger kuma ya samu kyautar Oscar bayan rasuwarsa. Logan na 2017 ya shiga takarar Oscar a fannin rubutun labari. Joker na 2019 ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na Venice a Italiya. Duk waɗannan masu duhu ne. Ni a wurina darakta ba bawan littafi ba ne, ya yi abin da zai taɓa zuciyar babban mutum kawai.

Usaina: Wa alaikumus salam. Yaya Nazifi ka zaɓo masu kyau ka jera, ka tsallake Fantastic Four na 2015. Shi ma duhun aka yi masa, kuma kowa ya san yadda ya kwashe a kasuwa.

Nazifi: Wannan rashin iya aiki ne ƙanwata, ba laifin duhu ba ne.

Usaina: To Batman & Robin ma rashin iya aiki ne, ba laifin haske ba ne. Superman na Christopher Reeve a 1978 haske ne zalla, har yau ana kallonsa.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Nazifi, akwai gaskiya a maganarka fiye da yadda kai kanka ka faɗa, don haka bari in fara da ba ka naka. Masu cewa a bi littafi sau da ƙafa, sai a tambaye su wane littafin. Batman ya fara fitowa a Detective Comics lamba 27, shekarar 1939. Wancan Batman ɗin yana riƙe bindiga, yana kuma kisa. A Batman lamba 1 ta 1940 har daga jirgin sama ya buɗe wuta da bindiga mai jigida. Bayan nan ne editocin kamfanin suka kafa masa dokar barin kisa, a wannan shekarar ce kuma aka haɗa shi da yaro Robin don jawo yara. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana zargin komik da lalata tarbiyyar yara, majalisar dattawan Amurka ta zauna a kai, kamfanonin suka tsorata suka kafa wa kansu hukumar tace littattafai. Daga nan Batman ya koma faɗa da halittun wasu duniyoyi da dabaru na ban dariya, har aka kai ga shirin talabijin na Adam West a 1966. Sai farkon shekarun 1970 Dennis O'Neil da Neal Adams suka mayar da shi cikin dare. Frank Miller ya zo a 1986 da littafinsa The Dark Knight Returns ya ƙarasa. Ka ga kenan duhun da kake yabo daga littafin ya fito, Nolan ɗebowa ya yi, musamman daga Year One na 1987.

Amma ga inda muka rabu. Duk da wannan sauye-sauyen, akwai abin da ya zauna daram tun wajen 1940, shi ne mutumin nan ya ga an harbe iyayensa a gabansa yana yaro, don haka ba ya kisa, ba ya son bindiga. Ko a littafin Miller na 1986, wanda ya fi kowanne tsanani, inda Batman ya kai shekara 55 kuma ransa ya gama ɓaci da duniya, akwai wurin da ya karya bindiga a gaban matasan da ke binsa. Ya riƙe Joker a hannunsa, ya ji masa mummunan rauni a wuya, amma ya kasa ƙarasa shi. Zack Snyder ya ɗauko sulken ƙarfen wannan littafin ya sa wa Ben Affleck a Batman v Superman na 2016, ya ɗauko ruwan saman da tsawar, sannan ya sa shi yana harbi daga mota yana ƙone mutane, yana yi wa masu laifi tambari da ƙarfe mai zafi. Ya ɗauki rigar ya bar mutumin. Wannan nake kira cin amana.

Ɗanjuma: Allah ya ƙara basira Malam. Sai dai ina da ja. In dai kisa ne, Batman na Tim Burton ma ya kashe. A fim na biyu, na 1992, ya maƙala wa wani ƙato bam a ƙugu ya jefa shi rami, har yana murmushi. A na 1989 kuma an ce Joker ne ya kashe iyayen Bruce, wato Batman, alhali a littafi wani ɗan fashi ne mai suna Joe Chill. Ban ga ana zagin Burton yadda ake zagin Snyder ba. Shi Nolan ɗin ma, a ƙarshen Batman Begins ya bar Ra's al Ghul a cikin jirgin ƙasa yana ganin zai faɗi, ya yi tafiyarsa. Wannan ba kisa ba ne?

Malam Habibu: Na 1992 laifi ne, ban wanke shi ba Ɗanjuma. Na jirgin ƙasa ma yana damuna. Bambancin Nolan shi ne ya san dokar tana nan, ya gina fim na biyu gaba ɗaya a kanta. Me Joker yake nema a The Dark Knight? Ba kuɗi ba, ai tara su ya yi ya cinna musu wuta. So yake ya tilasta Batman ya karya dokarsa, ya kuma nuna cewa mutanen Gotham za su cinye juna in aka matsa musu. Ka tuna jiragen ruwan nan biyu, ɗaya cike da fursunoni, ɗaya da mutanen gari, kowanne an ba shi abin tayar da bam ɗin ɗayan. Wani ƙaton fursuna ya miƙe, ya karɓi abin daga hannun jami'in, kowa ya ɗauka dannawa zai yi, sai ya wurga shi ta taga ya koma ya zauna. Can kuma Batman ya jefo Joker daga saman bene, ya sake harba igiya ya kamo shi. Fim ne mai duhu ƙwarai, amma ya yarda akwai alheri a cikin mutane. Littafin ma a kan haka yake.

Nazifi: Malam na ji wannan. To Logan fa? Ai kusan babu abin da ya ɗauka daga Old Man Logan na Mark Millar. A littafin da Hawkeye makaho suke tafiya, jikokin Hulk ne masu gidan haya. A fim babu ko ɗaya, don kamfanin Fox ba shi da haƙƙin amfani da su. Har ma akwai wurin da Logan ya ɗauki komik ɗin X-Men a hannunsa yana cewa yawancin abin da ke ciki ƙarya ne. In amanar littafi ce ma'auni, Logan ya faɗi warwas. Amma wa zai ce fim ɗin bai yi ba?

Usaina: Ni Logan ya sa ni kuka, kuma ina cikin masu son a bi littafi. Dalili shi ne Wolverine, wato Logan ɗin, tun asali haka yake: mutum mai faratan ƙarfe, mai shan giya, wanda ya daɗe a duniya har ya gaji, kullum yana gudun mutane amma ƙarshe shi ke tsayawa ya kare yarinya ƙarama. A littafi ya yi wa Kitty Pryde haka, ya yi wa Jubilee haka. Laura, yarinyar da ke fim ɗin, ta zo ta hau wannan layin. Labarin sabo ne, mutumin tsoho ne. Yadda yake ɗaukar Farfesa Xavier a hannu ya kai shi banɗaki, tsohon yana masifa shi yana haƙuri, duk wanda ya taɓa jinyar dattijo a gida ya san wannan. Jinin da ke fim ɗin ma ya dace, don mai faratai irin waɗannan ba zai yi faɗa a tashi babu jini ba. Waɗanda aka yi a baya su ne suka ɓoye mana.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri in shigo ta wani ɓangaren. Ku duk manya kuke magana a kai. Ni a kasuwa jakar makaranta nake saye, Batman ne a jiki, Superman ne a jiki, Spider-Man ne a robar ruwa. Yaro ya san sunansu tun kafin ya iya karatu. Ya ce Mama a kunna mana Batman, sai in rasa wanda zan kunna. The Batman na 2022 kusan awa 3 ne, kuma da kisan gilla aka buɗe shi. Joker kuwa ko kusa. Waɗannan jaruman don yara aka ƙirƙire su, manya suka ƙwace suka bar yaran da jaka.

Ɗanjuma: Maman Ilham akwai na katun ai. Shirin Batman na katun da aka fara a 1992 har yau babu kamarsa, kuma a can ne ma aka ƙirƙiro Harley Quinn kafin ta shiga littafi.

Maman Ilham: Na sani ɗan'uwa, shi muke kallo. Amma abin da nake nufi, me ya sa sai an cire yara sannan ake ganin fim ya zama na hankali? Wancan katun ɗin da ka ambata yana da duhunsa, yana da labarai masu ban tausayi, kuma ni da yarana muke zama mu kalla tare.

Musa Maraɗi: Salamu alaikum. Ni ƙorafina ma na ido ne. Yawancinmu a waya muke kallo, da rana, wani lokacin a bakin shago. Ka kunna Batman v Superman ko faɗan ƙarshe na wasu fina-finan nan, fuskarka kawai za ka gani a gilashi. An wanke launi duka, shuɗin rigar Superman ya koma kamar baƙi. Komik kuwa launi ne ginshiƙinsa. A 2000 da aka yi X-Men na farko an ji kunyar rigar Wolverine mai ruwan ɗorawa, aka sa musu baƙar fata duka. Sai 2024 aka sa wa Hugh Jackman ita a Deadpool & Wolverine, kuma ita ce abin da mutane suka fi murna da shi tun daga hoton farko. Shekara 24 ana jin kunyar abin da masu kallo suke so.

Nazifi: Malam Musa riga ai ba ita ce labari ba.

Malam Habibu: Gaskiya ne riga ba ita ce labari ba, kuma ga hujjar da ta fi kowacce. Watchmen na 2009. Ban san fim ɗin da ya bi zanen littafi kamar wannan ba. Snyder ya ɗauki shafukan Dave Gibbons ya mayar da su hoto mai motsi, tsayuwar mutane, kayan jikinsu, maganganunsu, kusan duk yadda suke. In amana ita ce kwafi, babu wanda ya kai shi. Amma kama da wane ba ta wane. Alan Moore ya rubuta littafin ne, kashi 12 tsakanin 1986 da 1987, don ya nuna cewa duk wanda zai rufe fuska ya fita dukan mutane da dare akwai abin da ke damunsa. Nite Owl mutum ne mai tumbi, ya fara manyanta, ba shi da kuzari. Rorschach ba ya wanka, yana cin wake daga gwangwani ba tare da ya ɗumama ba, ra'ayinsa kuma abin tsoro ne. A fim sai aka rage gudun hoto ana nuna yadda ƙashi ke karyewa ya ɓullo ta fata, kowa yana tsalle yana dukan bango yana fashewa, ka ji kana sha'awar zama su. Littafin so yake ka ji ƙyamar abin, fim ɗin ya sa ka tafa.

Ƙarshen ma ku duba. Mutane suna ta jayayya a kan an cire ƙaton dodon da ya hallaka mutanen Niyok a littafin, an ɗora laifin a kan ɗaya daga cikin jaruman, Dr Manhattan. Ni wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya dame ni, kashi na 12 na littafin ya buɗe da shafuka 6 cur, kowanne hoto ɗaya, gawarwakin mutanen Niyok ne zube a titi, cikinsu har da mai sayar da jarida da yaron da ke zama kusa da shi yana karatu, waɗanda muka saba da su tun farkon labari. A fim haske ne ya tashi, sai rami. Babu gawa. Wurin da littafin ya tilasta maka kallon jini, fim ya kawar da kai. Wurin da littafin ya taƙaita, fim ya zuba jinin har ya yi yawa. Moore bai yarda an sa sunansa a fim ɗin ba.

Ɗanjuma: Wannan bayanin ya shige ni Malam. Amma Moore ai ba ya yarda da kowane fim da aka yi daga aikinsa, ba wannan kaɗai ba.

Malam Habibu: Haka ne, rikicinsa da kamfanin DC a kan haƙƙin mallaka ya girmi fim ɗin. In ma ana maganar amana, ta nan ya kamata a fara. Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka ƙirƙiri Superman, dala 130 aka ba su a kansa a 1938, sai a 1975 aka yanka musu ɗan fansho aka mayar da sunansu. Bill Finger, wanda ya tsara yawancin abin da muka sani game da Batman, ya rasu a 1974, sunansa bai hau ba sai 2015.

Usaina: Ni mu dawo kan Superman, don a nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Batman ɗan dare ne, a yi masa duhu ba komai. Amma Man of Steel na 2013 fa? Yaro ya ceci 'yan ajinsu daga motar makaranta da ta faɗa kogi, ya tambayi babansa ko da sai ya bar su su mutu, uban ya nuna wataƙila hakan ne. Jonathan Kent! Mutumin da a littafi shi ne ya koya masa cewa ƙarfi na taimako ne. Sannan guguwa ta taso, uban ya ɗaga masa hannu kada ya zo, shi kuma ya tsaya yana kallo har ta tafi da shi. Daga ƙarshe aka rushe rabin Metropolis, ya karya wuyan abokin gabansa Zod.

Nazifi: Ƙanwata a nan kam kin shigo hannu. Superman ya kashe Zod a littafi. John Byrne ne ya rubuta, Superman lamba 22, shekarar 1988. Da kryptonite, dutsen da yake guba ga irinsu Superman, ya kashe shi, shi da mutanensa biyu, kuma ba cikin faɗa ba, hukunci ya yanke musu bayan sun rasa ƙarfinsu. Na fim ma ya fi sauƙi, don Zod na shirin ƙone wasu iyali ne a tashar jirgi, babu wata hanya.

Usaina: Na san da wannan Yaya. Ka karanta abin da ya biyo baya? Abin ya dame shi har hankalinsa ya fara rabuwa biyu, ya ga bai cancanci zama cikin mutane ba, ya bar duniya ya tafi gudun hijira sararin samaniya, aka yi watanni ana ba da labarin. A fim ihu ɗaya ya yi, fitowa ta gaba yana zolayar wani janar a kan jirgin leƙen asiri, can gaba kaɗan kuma ya hau keke ya tafi neman aikin jarida yana murmushi. Kuma "babu wata hanya" ɗin nan, marubuci ne ya toshe hanyoyin da hannunsa. Ni Superman ɗina yana cikin All-Star Superman na Grant Morrison da Frank Quitely. Shafi ɗaya ne. Yana dab da mutuwa, ayyuka sun yi masa yawa, sai ga wata yarinya a bakin rufin dogon bene, ta yar da wayarta, tana shirin faɗawa don tana ganin likitanta ya yi watsi da ita. Ya sauka a bayanta a hankali, ya dafa kafaɗarta, ya gaya mata likitan tsaiko ya samu a hanya da gaske, kuma ta fi ƙarfin yadda take zato. Ta juyo ta rungume shi. Babu naushi ko ɗaya. Maganar kashe kai ce fa, wane nauyi ne ya wuce wannan? Amma ba a kashe fitila ba kafin a faɗe ta.

Musa Maraɗi: Shi ya sa na ji daɗin na James Gunn na 2025. An dawo da jan wandon, an kawo kare Krypto, ana tsakiyar faɗa da dodo ya tsaya ya ɗauke kurege daga hanya. Wasu sun ce wauta ce. Ni na ce wannan shi ne Superman.

Ɗanjuma: To ga tambaya gare ku masu amana, Malam Musa da Usaina. Wannan fim ɗin mai haske da kuke yabo, shi ne ya ce saƙon da iyayen Superman suka aiko shi da shi daga duniyarsu Krypton yana da ƙarashe, wai ya mallaki duniya, ya tara mata, ya kawar da duk wanda ya ƙi. Snyder da kuke zagi bai taɓa Jor-El, mahaifin Superman, haka ba, nasa Jor-El ɗin mutumin kirki ne. Wanne ya fi cin amana?

Malam Habibu: Tambaya ce mai kyau. Yana da tushe kaɗan. Byrne a 1986 ya zana Krypton a matsayin duniya mai sanyin zuciya, babu ƙauna, har Clark, wato Superman, ya ce shi a Amurka aka haife shi. Shirin Smallville ma ya taɓa kawo saƙo makamancin wannan. Kuma Gunn ya yi hakan ne don ya ba Jonathan Kent dama ya zauna da ɗansa a ƙofar gida ya gaya masa cewa zaɓinsa da aikinsa su ne shi. Halin Clark bai canja ba, don haka ni na iya haɗiye shi, ko da yake da ƙyar.

Nazifi: Kenan Malam kai ma ka yarda darakta ya canja abin da ya ga dama, in dai ya yi maka daɗi.

Malam Habibu: Ya canja gari, ya canja zamani, ya canja abokan gaba, ya canja launin fata ma in ya so. Black Panther na 2018 ya cire wa M'Baku sunan biri da rigar biri da yake da su a littafi, kuma gyara ne mai kyau. Abin da jarumin ba zai taɓa aikatawa ba, shi ne ban yarda a taɓa ba.

Usaina: Ni kam a wannan ban bi Malam ba, Ɗanjuma ya fi gaskiya. Ina son fim ɗin Gunn, amma saƙon nan bai kwanta mini ba har yau. Siegel da Shuster 'ya'yan Yahudawa ne 'yan ci-rani da suka baro Turai, Shuster ma a Kanada aka haife shi kafin su koma Cleveland. Labarin da suka rubuta na uwa da uba ne da suka ga ƙasarsu za ta hallaka, ba su da wurin tsira sai na mutum ɗaya, suka sa jaririnsu suka tura shi wurin baƙi suna fatan a riƙe shi da kyau. Iyaye biyu suka ba da shi don ƙauna, iyaye biyu suka karɓe shi don ƙauna. In ka mayar da na farkon azzalumai don na biyun su haskaka, ka ce wa ɗan gudun hijira sai ya tsani inda ya fito kafin ya zama mutumin kirki. Mahaifiyarsa Lara da Jor-El ma suna da halin da bai kamata a taɓa ba, ba Clark kaɗai ba.